Ni Ce Idon Gwaggo Tsit

Makarantar rainon yara da nake koyarwa tana da ƙofa biyu. Ta gaba ita ce mai fenti da zanen giwa, inda iyaye ke sauke 'ya'yansu da safe suna duba agogo. Ta baya ƙaramar ƙofar langa-langa ce kusa da famfo, kuma yau shekara biyu ke nan da kwaɗo a jikinta. Kullum sai na bi ta gabanta sau shida ko bakwai in zan kai yara wanke hannu, har yanzu ban iya wucewa ban kau da kai ba. Ƙofar Gwaggo Tsit ce. Ba ni na saka kwaɗon ba, amma da hannuna a rufe ta.

Gwaggo Tsit ba malama ba ce. Ko sunanta ba ta iya rubutawa. Shara da wanke wa yara kashi aka ɗauke ta yi, shekara ashirin da uku kafin abin da zan ba da labari. Gajeriya ce, mai kaurin ƙafa, tana tafiya tana rangaji saboda ciwon gwiwa, aljihun rigar aikinta kuwa ba ya rabo da tarkace: busasshen ganye, gashin tsuntsu, ƙwallon mangwaro, kwanson dodon-koɗi. Mahaifinta manomi ne a bakin fadama. Tun tana shekara biyar ake ɗora ta kan rumfa a tsakiyar gona ta wuni tana korar tsuntsaye, kuma ta kan ce wannan rumfar ita ce makarantar da ta yi. Ta auri direban babbar mota, ta haifi 'ya'ya biyu, babu wanda ya kai shekara a cikinsu. Da mijin ya rasu sai ta dawo gidan ƙanenta, aka ba ta ɗaki ɗaya a kusa da zaure. Duk wannan a gutsure na ji shi, cikin shekara shida, yawanci muna wankin kofuna.

Yadda aka fara fita da yara ta ƙofar baya, mai makarantar ce ta ba ni labari, don tun kafin zuwana ne. Wai an taɓa kawo wani yaro da ya kwana uku yana tsala kuka tun daga saukewa har ɗauka. An ba shi alewa, an yi masa waƙa, an goya shi, duk a banza. Rana ta huɗu Gwaggo ta jingine tsintsiya, ta saɓa shi a kafaɗa, ta fita da shi filin da ke bayan makaranta. Ta zaunar da shi a gindin mangwaro ta ce, “Tsit! Ji can.” Kurciya ce ke kuka a sama. Yaron ya haɗiye nasa kukan ya tsaya yana neman mai yi. Washegari shi da kansa ya ja zanenta zuwa ƙofar, yara biyu suka biyo su. Kafin shekara ta zagayo, aji guda ke fita, kuma sunan da yara suka laƙaba mata ya bi ta har ya danne na yanka.

Filin ba wani abin a zo a gani ba ne. Wuri ne da aka tanada don ƙarin azuzuwa ba a gina ba: mangwaro ɗaya, gwaiba biyu, ciyawa, suri, da tulin yashi da ya gaji da jiran magina. An kewaye shi da waya, sai dai a can ƙurya wayar ta ɗage daga ƙasa inda awaki ke kutsowa. Bayan wayar akwai kwata mai zurfi da aka yi wa siminti, bayan kwatar kuma titi da rumfar wani mai faci.

Ƙarfe tara na safe ake buɗe ƙofa. Yaran su fito riƙe da igiya mai ƙulli-ƙulli, kowa da ƙullinsa. Da an isa sai Gwaggo ta sake su. Wasu su durƙusa su bi layin tururuwa har raminsu, wasu su kwaɓa ƙasa, wasu su yi ta jera ganye daga babba zuwa ƙarami. Ba ta hana yaro taɓa abu sai ta fara gaya masa dalili. Na ga ta bar yaro ya riƙe hawainiya har launinta ya sauya a hannunsa. Iyaye sun yi ta ƙorafin dattin yunifom, ita kuwa amsarta ɗaya ce: “Sabulu yana fitar da ƙasa. Tsoron ƙasa ne ba ya fita.”

Amma zuciyar abin tana a minti goman ƙarshe. Za ta tara su a gindin mangwaro, su zauna su yi da'ira, ta ɗaga yatsa ta ce, “Tsit!” Dokokin ba su da yawa. Ido a rufe, baki a rufe. Duk wanda ya ji sabon sauti, ya ɗaga yatsa ɗaya, kada ya yi magana har sai ta tafa. In ta tafa, kowa ya faɗi abin da ya ji, ita kuma ta gaya masa sunan mai kukan: wannan hankaka ne, wannan tsattsewa, wancan mai surutu kamar kasuwa suda ce. Babbar dokar ita ce kada ka ce ka ji abin da ba ka ji ba. Yaron da ya ce “ban ji komai ba” yabo yake samu.

Ita ma tana rufe nata idon, rufewa ta gaske. Ta ce yaro ba ya rufe ido in ya san babba yana leƙe. Da kunne take gadinsu. Na sha ganin ta, ido a runtse, ta ce, “Kai mai majina, mayar da ƙafarka,” kuma wallahi shi ne, ƙafar kuma ta fara rarrafawa waje. Ta san numfashin kowane yaro. Shekara ashirin da ɗoriya ko ƙwarzane babu wanda ya taɓa yi a hannunta.

Ni kuwa na zo da takardar shaidar koyarwa da ɗagawa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma nawa ya shaƙe ni sosai. A makon farko na gaya wa mai makaranta cewa ana ɓata awa guda kullum a ciyawa alhali yaran ba su iya ƙirga zuwa goma ba. Ta yi dariya ta ce in je in gani. Na je, na tsaya a gefe da takalmi mai tsini yana nutsewa a yashi. Da aka tafa, wata yarinya ta ɗaga hannu biyu ta ce ta ji abu bakwai, ta lissafo su ɗaya bayan ɗaya tana lanƙwasa yatsu. Gwaggo ta juyo ta dube ni ta ce, “Malama mai takarda, bakwai ɗin nan daidai ne, ko a ƙara?” Na ji kunya, amma ban nuna ba.

Daga baya mun saba, har na zama ni ke raka ta kullum. Na so ta, wannan ba na ɓoyewa. Ita ce ta zauna da ni a bayan famfo ranar da aka gaya mini mahaifiyata tana asibiti, ta dafa bayana har na gama kuka. Sai dai ko sau ɗaya ban taɓa zama cikin da'irar ba. A tsaye nake yi, ido a buɗe, ina lissafin aikin da ke jira na a aji. Ta kan ce, “'Yar nan, zo ki zauna ki ji.” Ni kuma in ce, “Gwaggo, gani ya kori ji.” Ta yi tsaki ta ƙyale ni.

A shekarata ta shida na fara lura. In an kira ta daga baya ba ta juyowa. “Iye?” ta yi yawa a bakinta. Ta koma karkato kunnen hagu in ana magana, tana kallon leɓen mutum. Na ɗauka gajiya ce.

Wadda ta tona abin wata yarinya ce 'yar shekara huɗu da muke kira Suda, don bakinta ba ya hutawa. Tana da wani jan takalmi mai kuka, irin wanda in yaro ya taka sai ya yi ƙara tsuit-tsuit, kuma ta ƙi yarda a raba ta da shi. Wata safiya bayan an tafa, Gwaggo ta nuna saman mangwaro ta ce, “To, wa ya ji kurciyarmu yau?” Kurciyar nan kullum tana nan, shi ya sa ta faɗa da ƙarfin gwiwa. Yara suka ɗaga hannu don su faranta mata. Suda kaɗai ta noƙe kafaɗa.

“Gwaggo, yau ba ta yi kuka ba,” in ji ta. “Ba ta zo ba ma. Ke kika ce kada a ce an ji abin da ba a ji ba.”

Gwaggo ta sauke hannunta. Sannan ta ce, “Gaskiyarki, uwata. Yau Gwaggo ce ta karya doka.” Ta sa yara suka tafa wa Suda.

Kwana biyu bayan nan ta fara leƙe. Ta kan buɗe ido ɗaya kaɗan ta ƙirga kawuna. Yara kuwa ba a yi musu wayo. “Gwaggo tana leƙe! Gwaggo tana leƙe!” Nan take kowa ya buɗe nasa idon, aka fashe da dariya, zaman ya watse. Haka aka yi kwana uku a jere.

Rana ta huɗu ta tare ni a bakin famfo bayan an tashi. Ta gaya mini ta je asibiti tun watannin baya. Likita ya ce ba datti ba ne, jijiyar kunne ce ke mutuwa, kuma ba ta dawowa. An gwada mata na'urar da ake maƙalawa a kunne, ta ce ƙugi kawai take ji kamar tana cikin injin niƙa. Manyan sauti tana ɗan ji. Tsuntsaye kuwa sun tafi, ƙanana suka fara, kurciya ce ta ƙarshe.

“In mai makaranta ta sani, za ta rufe ƙofar nan,” in ji ta, “kuma ba zan ga laifinta ba. Ni ba ni da komai sai wannan awa ɗaya. Sauran ranar shara ce. 'Yar nan, ke dama ba kya rufe ido. Ki zama idona. Minti goma kacal.”

“Gwaggo, to sunayen tsuntsayen fa? Yaya za ki gane abin da suka ji?”

“Su kwaikwaya mini da baki, in kalli leɓensu. Na san yadda bakin yaro yake in yana kukan hankaka. Ke dai ki tsaya, ki ƙirga.”

Na dafa ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta. Har rantsuwa na yi, alhali ba ta nema ba.

Wata bakwai muna haka, kuma abin ya tafi lafiya lau. Ta rufe idonta da gaske, yara suka rufe nasu. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina ƙirga kawuna goma sha uku. In aka tafa, su zo gabanta su turo baki su yi mata kukan da suka ji, ita kuma ta faɗi suna, kuma ba kasafai take kuskure ba. Yaran sun ɗauka sabon wasa ne.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, an yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi. Gwaggo ta ce “Tsit!”, idanu suka rufe. Sai wayata ta yi rawa a aljihu. Da a ce asibiti ne, ko wani mugun labari daga gida, da na samu abin da zan riƙa gaya wa kaina. Tela ne. Tela ne da ya riƙe mini ɗinki mako uku, kuma na yi ta kira ba ya ɗauka. Na ce a raina minti ɗaya ne. Na koma ta cikin ƙofa, bayan bango, don kada muryata ta dame su. Ya ce ya yi wa rigar dogon hannu. Na ce gajere na ce. Ya ce dogo. Ni kuma ba a ja da ni a bar ni, haka Allah Ya yi ni. Na tsaya na wanke shi tas, ban san minti nawa na ci ba.

Da na dawo komai yana nan yadda na bar shi. Gwaggo zaune, ƙafa a miƙe, fuska a sake. Yara sun yi tsit, kowanne da yatsu a sama. Raina yana wajen hannun riga, ban ƙirga ba.

Ta tafa. Idanu suka buɗe. Wani yaro mai kumatu da muke kira Ƙato ya riga kowa zuwa gabanta.

“Na ji hankaka, na ji mota, na ji takalmin Suda.”

Gwaggo ta karkato kunne. “Iye?”

“Takalmin Suda!” Ya ɗaga murya. “Yana ta tafiya, yana ta tafiya, har ya zama ƙarami.”

“Ni ma na ji! Ni ma na ji!” Sauran suka ɗauka, kowa yana nuna yatsan da ya ɗaga domin takalmin. Yara goma sha biyu sun ji fitarta tun daga takun farko har na ƙarshe. Babu wanda ya buɗe ido, babu wanda ya buɗe baki. Sun ji sabon sauti, sun ɗaga yatsa, kamar yadda aka koya musu.

Ban san lokacin da na yar da takalmina ba. Kafin in kai ƙuryar da waya ta ɗage, na hango mai faci yana zagayowa da Suda a hannu, rigarsa duk jini. Ta bi wani ɗan akuya ne ta ƙarƙashin wayar, santsin ruwan sama ya kwashe ta ta faɗa kwata. Goshinta ya tsage, hannun dama ya karye. Mai facin ya ce ya jima yana jin kukanta kafin ya gane daga ina yake fitowa. Gwaggo ta iso bayana tana haki, da gwiwar nan tata. Ta miƙa hannu za ta karɓi yarinyar, sai ta fasa, ta maida hannun ta riƙe bakinta.

Washegari aka zauna a ofishin mai makaranta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, kujera uku, fanka tana juyi tana ƙara. Mahaifin Suda ya ƙi zama. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan, kuma ko a ran nan ba zagi ya yi ba.

“Gwaggo, ke kika raine ni a makarantar nan,” in ji shi. “Ni ma na zauna a gindin mangwaron nan. Saboda ke na kawo ta. Takalmin nan daga bakin titi ake jin sa. Yaya aka yi ba ki ji ba?”

Sai da mai makaranta ta maimaita mata da ƙarfi. Gwaggo ta kalli ƙasa.

“Ban ji ba, ɗana. Kunnena ya mutu tun bara. Na ɓoye, don kada a hana ni fita da su. Na rufe ido a kan 'ya'yan mutane alhali ba na ji. Laifina ne.”

Mai makaranta ta dafe kai. Sannan ta juyo wajena. “Malama, ke kina ina?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji masu magana, amma ni na ɓoye nawa. Na ji bakina yana cewa, “Na shiga ciki ɗauko abu, ranki ya daɗe.” A hankali na faɗa. Gwaggo ba ta ji ba, amma tana kallon leɓena. Na jira ta ce akwai alkawari a tsakaninmu, ta ce wata bakwai wannan yarinyar ce idona. Kalma ɗaya ta isa. Ba ta faɗa ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce a ba ta izini ta je ta duba yarinyar a asibiti.

A ranar aka sa kwaɗo. Mai makaranta ba muguwa ba ce, ba ta kore ta ba. Ta mayar da ita ɗakin jarirai, ta riƙa wanke kwalabe da shanya tawul. Ɗakin taga ɗaya gare shi, kuma bangon maƙwabta yake kallo. Ƙarfe tara na yi yaran ajina za su tashi da kansu su je su yi layi a bakin ƙofar baya, kowa ya miƙa hannu yana jiran ƙullinsa. Ni ce mai korar su su koma aji. Gwaggo tana ganin su daga inda take shanya. Mako uku ta yi, ranar Juma'a ta ninke rigar aikinta ta ajiye a kan benci, ta juye tarkacen aljihunta a cikin wani gwangwani ta bar shi a kan tagar ajina. Ba ta yi sallama da kowa ba.

Suda ta warke, sai ɗan tabo a goshi. An mayar da ita wata makaranta mai bene, wadda ba ta da ko ciyawa ɗaya.

Wata huɗu ina ɗauke da abin nan. Na rame, na zama mai faɗa fiye da da, har yara suka fara tsorona. Rigar da aka yi rigimar a kanta tana ƙasan akwati, ban taɓa sa ta ba. Wata rana bayan an tashi na shiga ofis na gaya wa mai makaranta komai, har da telan. Na roƙe ta ta buɗe ƙofar, ta dawo da Gwaggo, ni a yi mini duk hukuncin da ya dace.

“Da kin faɗa a ranar, gaban uban yarinyar, wataƙila da an samu abin yi,” in ji ta. “Da na sa mutum biyu a kanta, an gyara waya, an ci gaba. Yanzu na riga na yi wa iyaye alkawari a taro cewa babu yaron da zai sake taka filin nan. Ihu bayan hari kike yi, Malama. Je ki, Allah Ya yafe mana.”

Ba ta hukunta ni ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar da safe na tafi gidan ƙanen Gwaggo. Matarsa ta nuna mini bayan ɗaki, ta ce kullum war haka can take zama. Wani ɗan lungu ne tsakanin bango da bango, da bishiyar lemo guda ɗaya da igiyar shanya. Tana zaune a kan tabarma, ƙafa a miƙe. Ta faɗa ƙwarai. Na yi sallama sau biyu ba ta juyo ba, sai da inuwata ta faɗa kan tabarmar.

“Malama mai takarda!” Muryarta ta yi ƙarfi fiye da kima, irin ta wanda ba ya jin kansa. “Ina yarana? Ƙato ya daina cin ƙasa?”

Na durƙusa a gabanta. Duk abin da na shirya a hanya na faɗa: waya ce, tela ne, ƙarya na yi a ofis, ni ce na ci amana, ki yafe mini. Ina magana hawaye yana shiga bakina, kaina a sunkuye. Da na gama na ɗago, sai na ga tana ta leƙen fuskata ta ƙasa.

“Iye? Ɗago kanki mana, ban ga bakinki ba.”

Na buɗe baki zan sake, da ƙarfi wannan karon, ko da duk gidan za su ji. Sai ta ɗaga yatsa ɗaya.

“Tsit,” in ji ta. “Bar shi. Ƙarfe nawa?”

Na nuna mata da yatsu. Tara saura kaɗan.

“Yawwa, lokacinsu ne. Matar ƙanena ta ce suna cika lemon nan da safe, amma ita ba ta da haƙurin zama. Ina ganin reshe yana motsi, ban san ko su wane ne ba.” Ta buga tabarma kusa da ita. “Zo nan. Shekara shida ina cewa ki zauna. Rufe ido, ki ɗaga mini yatsa in gani.”

Na cire takalmi na zauna. Ta gyara zama ta fuskance ni, gwiwarta tana taɓa tawa.

“Rufe da gaske, 'yar nan, kada ki ji tsoro. Yau ni ce idon. Ni ba na zuwa ko'ina.”

Ba da zafi ta faɗa ba. Da ta mare ni da ya fi.

Na rufe. Da farko ba na jin komai sai shessheƙata. Can sai na ji ana wanke-wanke a tsakar gida, na ɗaga ɗaya. Babur ya wuce a nesa, biyu. Sai wani abu a saman kaina, siriri, yana hawa sau uku ya sauko sau ɗaya. Wani ya amsa masa daga bayan bango. Wani kuma daban, mai kauri, kamar ana zuba ruwa daga tulu. Ashe haka duniya take cike da safe, ni ina tsaye a bakin ƙofa shekara shida ina duba agogo. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare, na fara na biyu.

Ta tafa. Na buɗe ido na tarar tana kallon hannuwana, fuskarta ta yi haske irin yadda take yi a gindin mangwaro.

“Bakwai! Kai, madalla. To faɗa mini, su wa da wa suka zo?”

Na kalli yatsuna. Wanke-wanke na sani, babur na sani. Sauran biyar ɗin ko ɗaya ban san sunansa ba. An faɗa a gabana sau dubu.

“To kwaikwaya mini,” in ji ta, ta matso tana kallon bakina. “Yadda yara ke yi. Turo baki.”

Na turo baki, na nemi sautin nan mai hawa uku. Leɓena suna rawa, ba su tsaya wuri ɗaya ba. Na sake gwadawa. Ta ƙura musu ido, ta karkata kai hagu, ta karkata dama, ta daɗe tana nema. Sannan ta koma ta jingina da bango.

“Wannan ban san shi ba,” in ji ta. “Wannan kukan mutum ne.”

Ta ɗaga kai tana kallon reshen lemon yana motsi. Muka zauna a haka har rana ta iso kan tabarmar.